Gawar da Ƙungiya Ta Ƙi Rakawa

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ma'aikata, reshen Daura, da 'yan majalisarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da aiki, da hidima da jama'a. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ranka ya daɗe, sunana Sallau. In sunan bai tuna maka da kowa ba, ni ne tsohon nan mai sanda da ya tare ka a bakin mota wata ranar Alhamis cikin watan Sha'aban da ya wuce. Na kama aiki a asibiti ina saurayi, tun Turawa ba su tafi ba, na fara da wankin gyambo, na yi ritaya ina malamin ɗakin magani. Na riƙe sakataren wannan reshe da kake shugabanta shekara goma sha ɗaya. Sau uku na zo ofishinku a kan maganar da zan faɗa, daga baya na aiko da takarda ta hannu, har yau ban ga amsa ba. Ban so a kai ga jarida ba, don ban taso na ga ana shanya kayan cikin gida a bakin titi ba. To amma mutanen da zan kai wa ƙararku duk suna kushewa, ni kaɗai na rage, shi ya sa na kawo ta gaban jama'a.

Na ɗaya. Sakatarenka ya ce mini bai san wani Bonifas ba, don haka bari in fara da faɗa muku ko wane ne.

Bonifas ɗan ƙabilar Ibo ne, Kirista, mai haɗa magani. Gwamnati ce ta turo shi Daura daga Kano, ya sauka daga babbar mota da akwatin ƙarfe ɗaya da laima. Ya same mu ba mu san wani abu wai shi ƙungiya ba. A lokacin likita Bature daga Katsina yake zuwa rangadi, kuma in ya zo, mu ƙananan ma'aikata ba ma shiga ta ƙofar gaba. Mu ne ɗebo masa ruwan wanka, mu ne yankan ciyawar dokinsa, marasa lafiya suna kwance suna jiranmu. Da hannu tsirara muke juya masu ciwon agana. Ban taɓa ganin laifin haka ba, na ɗauka haka Allah Ya tsara aikin gwamnati.

Bonifas ne ya fara tara mu a gindin darbejiyar da ke bayan sito. Mu bakwai ne, har da Lasisi direba, Bayarabe mutumin Ilori. Ba ya buɗe taro sai mun idar da azahar. Yakan zauna kan dutse ya jira mu, yana fifita da jarida. In mun dawo sai ya karanta mana ita, ya fassara da gurguwar Hausarsa, mu yi ta dariya, shi ma yana yi. A bakinsa na fara jin cewa ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da na tashar jiragen ruwa sun taɓa ajiye aiki lokaci guda, daga bakin teku har Arewa, Bature ya rasa yadda zai yi da su. Takardar koke ta farko da muka rubuta, abu biyu muka nema: safar hannu da takalma ga masu jinyar agana, sannan a daina aiken ma'aikacin asibiti yankan ciyawa. Huɗu daga cikinmu dangwala yatsa suka yi. Ni kuwa da na sa suna, na tabbata korata za a yi. Ba a kore ni ba. Bayan wata biyu takalma suka iso.

Ranka ya daɗe, ana cewa 'yan siyasa ne suka karɓo mana 'yancin kai, kuma ban musa ba, sun yi nasu. Amma mu nan ba mu gan su ba, sai dai a ji su a rediyo suna Ikko ko Kaduna. Ni a gindin darbejiyar nan na koyi cewa talaka yana iya cewa a'a a rubuce, ya kwana lafiya. A nan kuma na fara sanin akwai wata aba wai ita Nijeriya. Kafin nan abin da na sani Daura, sai Katsina, sai Kano, sai Damagaram inda dangin uwata suke. Ranar da katin ƙungiya ya zo, Bonifas ya ɗaga nasa ya ce irin wannan katin ne a aljihun mai wankin gyambo na Fatakwal, kuma in an taɓa wancan an taɓa ni. Da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, mu bakwai muka jera a fili cikin fararen kayan aiki, Lasisi yana kuka kamar yaro.

Na biyu. Bayan 'yancin kai, da aka shiga babban yajin aikin nan na ƙasa baki ɗaya, an kira ni gida. Kawuna ya zaunar da ni a zaure ya ce manya sun yi masa magana, ni ɗan gari ne, me ya haɗa ni da rigimar 'yan Kudu. Na sunkuyar da kai na ce masa, Kawu, cikin da ke jin yunwa ba shi da Kudu ba shi da Arewa. Ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata. A cikin yajin nan ba mu bar kowa ya mutu ba. Mun tuɓe kayan aiki, amma ni da Bonifas muna karɓa-karɓa a ɗakin haihuwa da ɗakin yara cikin kayan gida, don ya ce da gwamnati muke faɗa, ba da mai naƙuda ba. Na faɗi wannan ne don ku san cewa tun a wancan lokacin akwai masu son a raba mu, kuma ƙungiya ba ta yarda ba.

Na uku. Shekarar da aka yi kashe-kashen nan a biranen Arewa, gabanin yaƙin basasa, Daura ba ta kai wasu wurare muni ba, amma labari yana shigowa da kowace mota daga Kano, kuma fuskokin wasu mutane sun fara sauyawa. Reshe ya zauna ba tare da Bonifas ba, muka yanke shawarar fitar da shi da iyalinsa daga garin, sannan muka je muka faɗa masa. Ya ƙi da farko, ya ce wa zai bar wa ɗakin magani. Lasisi ya ce masa in ya mutu ma ai barinsa zai yi.

Da rana tsaka muka fita, cikin motar asibiti, kamar masu zuwa aiki ƙauye. Bonifas yana sanye da babbar rigata da hulata, matarsa ta lulluɓa da mayafin matata Hansai, 'yarsu jaririya kuma, wadda muke kira Ladi don ranar Lahadi aka haife ta, tana goye a bayan Hansai. Ɗansu namiji yana kan cinyata. Muka bi ta Mai'adua. An tsayar da mu sau ɗaya, wasu samari da sanduna suka leƙo. Hansai ce ta yi magana, ta ce haihuwa ce ta zo da gardama a ƙauye, in suna son alhakin rai biyu su ci gaba da tsayar da mu. Suka kauce. Muka tsallaka iyaka, muka danƙa su a hannun wani malamin asibiti na Matamaye da muka saba da shi wajen rigakafin agana. Daga can suka zaga ta ƙasashen rainon Faransa har suka kai gida.

Kekensa da keken ɗinkin matarsa a ɗakina suka zauna har aka gama yaƙi. Mutane suna ce mini in sayar, mai su ba zai dawo ba. Sai ga shi wata rana da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidana. Ban gane shi ba sai da ya yi dariya, don ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na tambaye shi yaron nan da na riƙe a cinya, ya ce yunwa ta ɗauke shi a shekara ta biyu. Bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya. Reshe ya yi ta rubutu zuwa Kaduna, ni na rubuta da hannuna, har aka mayar da shi bakin aikinsa, ya je ya ɗauko iyalinsa. Da wani ya tambaye shi abin da ya dawo da shi bayan duk abin da ya faru, cewa ya yi, a nan ƙungiyarsa take.

Bayan dawowarsa ne muka ƙara doka a kundin reshe. Ta ce duk ɗan ƙungiya, yana aiki ko ya yi ritaya, in ya rasu nesa da garinsu kuma iyalinsa suka so kai shi gida, reshe zai raka shi da mutum huɗu da tutar ƙungiya, ko ina ne garin. Ba a ambaci addini a cikinta ba, ba kuma mantuwa muka yi ba. Mun yi aiki da ita sau da yawa. Su kuma Kiristocin cikinmu ba su taɓa barin mu ba. Duk jana'izar ɗan ƙungiya Musulmi, za ka ga Bonifas tsaye can gefe ya cire hula har a idar da salla, ya bi mu maƙabarta ya tsaya a bakin shinge. Da Lasisi ya rasu, shi ya kai wa danginsa kayansa Ilori. Da Hansai ta rasu, kwana uku yana zaune kusa da ni a zaure, ana yi masa gaisuwa yana amsawa kamar ɗan gida.

Na huɗu. Da maganar shari'a ta zo, ina cikin waɗanda suka yi murna, na je taro, na ɗaga hannu, kuma ban yi nadama ba. Ina faɗin wannan don kada wani ya karanta takardata ya juya ta. Bayan rikicin da ya biyo baya a Kaduna, baƙi da yawa sun kwashe kaya sun bar garin nan, ko da yake ba wanda ya kore su. 'Ya'yan Bonifas sun yi ta roƙonsa ya koma. Matarsa ta riga ta rasu, shi kaɗai ne a gidan haya da ɗan shagon maganinsa. Ya ce musu ya gudu sau ɗaya, ya isa, tsufa ya hana shi na biyu.

Daga mu bakwai na gindin darbejiya, mu biyu muka rage. Kullum bayan la'asar nakan dogara sanda in je ƙofar shagonsa, mu zauna a benci mu kunna rediyo. Wani lokaci mu yi gardamar siyasa, wani lokaci har magariba ta gabato ba wanda ya ce uffan. Shi ke tuna mini lokacin salla in hira ta yi daɗi. Shekara tara muna haka. A cikin shekarun nan ba a taɓa gayyatarmu taron ƙungiya ba, ko na ranar ma'aikata, ba mu kuma yi ƙorafi ba. Mun ce yara ne, aiki ya yi musu yawa.

Na biyar, kuma ita ce ƙarata. Bonifas ya rasu ranar wata Litinin da safe, bayan jinyar kwana shida, jini ne ya hau masa ya shanye masa rabin jiki. Ina riƙe da hannunsa. 'Yan cocinsu, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba yanzu, suka kai shi ɗakin ajiye gawa, suka yi akwati, suka nemo mota. Ladi ta iso daga Kudu, ta zama babbar mace mai 'ya'ya manya, amma Hausarta tana nan ta Daura. Abin da ta fara tambayata bayan ta share hawaye shi ne, Baba, su wa ƙungiya za ta turo? Na ce mata ta bar wannan a hannuna.

Ranar Talata na zo ofishinku da hantsi. Na zauna a bencin waje har aka kira azahar, sannan aka ce kana Katsina. Ranar Laraba na dawo na samu sakatarenka. Na yi masa bayani, ya ce bai san mutumin ba, sai wani da ke zaune a gefe ya ce ai Inyamurin nan ne mai shagon magani. Na buɗe masa tsohon kundin reshe da na zo da shi, na ɗora yatsa a kan dokar. Ya duba sama-sama ya ce, Baba, ai waɗannan dokokin zamaninku ne. Na tambaye shi a wane taro aka soke ta. Ya ce in dawo gobe.

Ranar Alhamis na same ka kana shirin shiga mota. Ka gaishe ni da ladabi, ba zan ɓoye wannan ba, har ka ɗan rusuna. Ka saurare ni ƙafarka ɗaya tana cikin mota. Sannan ka ce, Baba, ka san halin da ake ciki yanzu, in aka ga tutar ƙungiya a kan akwati mai gicciye mutane ba za su fahimta ba, gara mutanensa su ji da shi. Na ce to a bar tuta, a ba ni mutum biyu. Ka ce kowa yana da aiki. Na ce to a ba ni takardar ta'aziyya mai hatimin reshe in tafi da ita. Ka ce za a duba. Direbanka ya ja mota.

Ranka ya daɗe, ban nemi ko kwabo ba, kai shaida ne. Mutum na nema.

Maganarka ta tsaya mini a rai, don na ji tsoron kada ya zama ni ne a kan kuskure. Daga ofishinku ban zarce gida ba, sai wurin limamin unguwarmu, mutumin da ya fi ni da kai sanin shari'a. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce maƙwabci yana da haƙƙi ko ba Musulmi ba ne, balle wanda aka yi shekara kusan hamsin ana cin gishiri ɗaya. Ya ce in raka shi, in yi wa iyalinsa gaisuwa, in sun shiga ibadarsu in tsaya gefe, in sallata ta zo in yi abata. Ya ƙara da cewa alkawari kuwa, wanda aka rubuta aka sa hannu, shari'a ba ta zo don ta warware shi ba. To in ba shari'a ce ta hana ku ba, me ya hana ku? Su wane ne mutanen da ba za su fahimta ba? Na bi unguwa ina sallama da maƙwabta kafin in tafi, masu shayi da masu faci da matan da ya sha ba 'ya'yansu magani, ba wanda ya ce mini kada in je. Wata tsohuwa har ƙullin gyaɗa ta ba ni ta ce in kai wa 'yarsa.

Na shida. Mun tashi ranar Juma'a da sassafe, mu uku: direba, da Ladi, da ni. Akwatin yana bayanmu. Rabona da doguwar tafiya tun ina aiki, ƙafafuna suka kumbura tun kafin mu kai Zariya. Muka kwana a hanya, kashegari muka tsallaka Binuwai. In lokacin salla ya yi, direba ya tsaya, in shimfiɗa ɗan buzuna a gefen titi, Ladi ta riƙe mini buta. Daga wani wuri na daina ganin masallaci, na daina jin Hausa in ba a bakin Ladi ba. Na yi ta juyawa ina duban akwatin, ina cewa a raina, wannan doguwar hanya mutumin nan ya biyo ya dawo mana, bayan ya binne ɗansa.

Mun isa ƙauyensu ranar Asabar da yamma. An kafa rumfuna a filin gidansu, jama'a sun cika. Da motarmu ta tsaya, na ga dattawan garin ba mu suke kallo ba, bayanmu suke kallo, can kan hanya. Wani tsoho da ya taɓa aikin jirgin ƙasa a Kano ya matso ya kama hannuna ya tambaye ni da Hausa, sauran suna baya ne? Ban gane ba sai da aka kai ni rumfar da ke gaba. Kujeru ashirin ne a jere, an manna takarda a jikin ta farko an rubuta sunan ƙungiya da sunan Daura. Ashe shekara da shekaru, duk zuwan da Bonifas ya yi gida, yana faɗa musu cewa ranar da ya mutu za su ga mutanensa na Arewa, za su zo da tuta, don haka dokarsu ta ce. Wasu suna yi masa dariya, suna cewa mutanen da suka kore ka? Shi kuwa yana cewa ku dai jira.

Na zauna a kujerar farko. Sha tara suna gefena babu kowa. Ba wanda ya zo ya zauna a kansu har aka gama, kuma ba wanda ya ɗauke su. Na yi zaman makoki da yawa a rayuwata, na binne mata, na binne 'ya'ya biyu, amma ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya ba kamar wannan yammacin.

Bayan an sa shi a ƙasa, ina tsaye daga gefe kamar yadda shi ma yakan tsaya mana, sai aka ce wakilin ƙungiya ya yi jawabi. Na miƙe, Ladi ta tsaya kusa da ni don ta fassara. Na dubi fuskokin nan, na ga waɗanda suka yi masa dariya suna jira. Sai na ji bakina yana cewa, ƙungiyar ma'aikata reshen Daura ce ta turo ni. Na ce shugaba da 'yan majalisarsa suna gaishe ku, sun so zuwa, aiki ne ya tsare su, suka zaɓe ni don ni na fi kowa daɗewa da shi. Na ce reshe ba zai manta da wanda ya kafa shi ba.

Ladi ta san duk abin da ya faru a ofishinku, don kullum na dawo ita nake faɗa wa. Ta dube ni, sannan ta juya ta fassara musu duka, ba ta rage ko kalma ba. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Tsohon nan na jirgin ƙasa ya rungume ni. Suka kawo mini akuya da rai da wuƙa, suka ce in yanka da hannuna don in samu abin da zan ci. Da zan taho, dattawan garin suka ba ni takarda a cikin ambulan, ta godiya ce zuwa ga shugaban ƙungiya reshen Daura, da sa hannun mutum shida. A tasha Ladi ta ce mini, Baba, Allah Ya yafe mana ni da kai. Sannan na shiga mota.

Ranka ya daɗe, na haura saba'in, ban taɓa tsayawa gaban jama'a na yi ƙarya ba sai ranar nan, kuma a bakin kabari. Na yi azumin bana da wannan abu a ƙirjina. Na roƙi Allah gafara, ina kan roƙo. Takardar godiyar tana nan cikin kundin da na nuna wa sakatarenka. Ban kawo muku ba, don ban san da wace fuska za ku karɓa ba, ban kuma san da wace fuska zan miƙa ba.

Na bakwai. Kada ku ɗauka maganar tsofaffi biyu ce kawai. Bayan na dawo na je asibiti karɓar maganin ƙafa, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, wadda take cikin reshenku yanzu haka, ta ja ni gefe ta yi mini sannu da hanya. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, Baba, ke nan in ni ce ma haka za a yi? Na karɓi maganina na fito. Irinta suna nan a asibitocinmu da makarantunmu daga Baure har Mashi, kuma sun ji labari. 'Ya'yanmu na Daura su ma suna can warwatse a Kudu suna aikin gwamnatin tarayya, ɗan ƙanena yana cikinsu. In wani abu ya taso can, ba hakimi gare su ba, ba dangi, sai abokan aiki. Abin da kuka shuka a nan shi za su girba a can. Jam'iyyu sun rabu, jihohi sun rabu, unguwanni ma a wasu birane sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Wuri ɗaya da na sani wanda har yanzu Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Birom suke zama a benci ɗaya su kira juna 'yan'uwa shi ne ƙungiya. In ita ma ta fara tambayar mamaci addininsa kafin ta raka shi, ban san abin da ya rage yana riƙe da ƙasar nan ba.

Ga abin da nake roƙo.

Ku kira taron reshe ku karanta dokar rakiya a gaban kowa. In kun ga ba ta dace da zamani ba, ku soke ta a fili, kowa ya ɗaga hannu a gan shi, a rubuta, don 'yar Filaton nan da ire-irenta su san matsayinsu. In kuwa ba ku soke ta ba, ku yi aiki da ita.

Ku sa wani ya zo ya kwafi tsohon kundin da ke hannuna tun ina da rai. Sunayen mutum bakwai ɗin nan suna ciki. 'Ya'yana ba su san darajarsa ba, in na mutu gara za ta cinye.

Na ƙarshe, shi ne ya fi damuna. Na faɗa wa mutanen nan cewa ku kuka aiko ni. Ina roƙonku don girman Allah ku mayar da maganar nan gaskiya. Ku tashi mutum huɗu, ko biyu ma, su ɗauki tuta su je su tsaya a bakin kabarin nan, su gaida Ladi da dattawan garin, su ce mun makara amma mun zo. Ranar da suka dawo zan kawo muku takardar godiyarku da hannuna. In ba wanda ya san garin, ku biyo ta gidana. Na san hanya, kuma ƙafar ta sace, zan iya zaman mota.

Ban rubuta wannan don in tozarta ka ba, ranka ya daɗe. Sa'an ɗana ne kai, kuma kujerar da kake kai na san nauyinta. Allah Ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya kare ka daga tsoron mutane a inda ya kamata a ji tsoronSa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ya sa ranar da taka ta zo, ta zo da kyau, kuma a samu masu raka ka.

Wassalam.

Naku,
Malam Sallau,
tsohon sakataren reshe, Daura.